Jarka Bebiya

A Mai Wurno nake suya,
bakin tasha, inda motocin Sinnar ke juye mutane.
Shekara ashirin da shida ni da kaskon nan.
Hancina kan gane mai tun bai ji wuta ba:
na riɗi, na gyaɗa, na angurya.

Da can wa ke tambaya?
Raƙumin Babikir, ido ɗaure da tsumma,
yana kewaya turmi tun assalatu.
Kina tsaye riɗi zai shiga,
kina tsaye mai zai tsatso.
Ido ya gani, ina mashigar ƙarya?

Yanzu sai jarka rawaya,
ba suna, ba gari, ba dangi.
Na ƙwanƙwasa cikinta, na ce, ke 'yar wace gona ce?
Ta yi mini shiru irin na rijiya.

Ƙanena Barau shi ke noman audugar.
Ya ce, “Kuluwa, irin nan an taɓa masa ƙwayar halitta,
an sa masa abin da tsutsa ke ci ta mutu.
Kin manta shekarar da na yi feshi sau bakwai,
na dawo ina aman kore,
tsutsa kuwa ta ƙoshi ta bar mini bashi?
Bana na rufa ɗaki da kwano.
In an manna takarda a jarka
mutane za su ce guba ce, su gudu,
alhali ni da 'ya'yana shi muke zubawa a miya.”

Ban ce guba ba ce, Barau.
Ban sani ba, shi ne ciwon.
Ko akuya zan saya sai na buɗe bakinta.
Ko ɗiya za a ɗauka, akan tambayi gidansu
ba don an ce tana da tabo ba.
Me ya sa abin da zai kwana a cikina
shi ne ba a tambayar asalinsa, sai ka ce abin kunya?

Mai injin matsa ya yi dariya.
Ya ce, “Wa zai biya kuɗin takardar?
Wa zai raba angurya ta Barau da ta maƙwabcinsa
bayan sun haɗu a buhu ɗaya?
Ke da ba ki karatu, Hajiya,
rubutun me zai ƙara miki?”
Na ce, jikata Sakina tana aji biyar.
Kwalin da uwarta ta aiko daga Jidda
ta karanta mini shi kaf, har ƙananan baƙaƙen gefe.
Can suna faɗa. Mu ne aka ɗaure wa tsumma
muna kewaya turmi, ba mu san me muke niƙa ba,
mu kaɗai a duniya?

Haka na yi ta cika baki har ranar Talata,
da wani direba ya miƙo kuɗi ya ce,
“Inna, da wane mai kike wannan ƙosai?”
Kafin in yi tunani bakina ya ce, “Na gyaɗa.”
Ya tafi yana ci, yana sa mini albarka.
Rabona da man gyaɗa tun kafin azumi.
Na dubi jarka, jarka ta dube ni,
bebaye biyu a gindin tukunya.

Daren nan tuwo bai wuce mini ba.

Da safe na yago bakin kwali,
na ba Sakina gawayi.
Na ce, rubuta da Larabci, rubuta da namu:
man angurya ne, na sabon iri.
Mutum uku sun karanta sun wuce gaba.
Barau ya zo, ya daɗe tsaye yana kallonsa,
ya ce harafi ɗaya ya karkace.
Sannan ya sayi na ɗari biyu,
ya ce in ƙara masa yaji,
ya ci a nan, a bakin hanya.